Muhawara a Zauren Iyaye: Shin Addini Ya Yarda a Koyar da Balaga a Aji?

Malama Binta: Assalamu alaikum iyaye. Tunda taron jiya ya tashi baram-baram a kan darasin balaga da muke son yi wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, bari in maimaita abin da na faɗa, kowa ya kawo hujjarsa a nan. Na ce babu abin da za mu koya wa yaran nan wanda littafin Ahalari bai riga mu faɗa ba. Haila, janaba, wanka, jinin biƙi, duk suna ciki, kuma yara 'yan shekara goma ake biya wa shi a Islamiyya. Don haka mai cewa addini ya hana, ya nuna mana inda ya hana. Ni a ganina ma malamai ne ya kamata su shige gaba, har da maganar tazarar haihuwa.

Alhaji Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Malama, kin haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Ahalari don sallah ta inganta yake koyar da haila. Manhajar da Turawa suke turowa ba don sallah aka rubuta ta ba. Ko ministan ilimi na wancan lokaci da kansa, Malam Adamu Adamu, a watan Nuwamban 2022 ya umarci NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu, ta cire wannan darasi daga manhajar makarantu, ya ce a bar wa iyaye da malaman addini. Ministan ilimi guda ya ce a cire, mu kuma mu dawo da shi ta bayan gida?

Malama Binta: Ya ce a bar wa iyaye, na ji. To Alhaji, tsakaninka da Allah, ka taɓa zaunar da Sadik ka yi masa bayanin mafarki?

Alhaji Baban Sadik: Wannan ba tambayar da za a yi wa uba a bainar jama'a ba ce.

Anti Ungozoma: Ai shi ke nan ka amsa, Alhaji. 😄

Malam Na Islamiyya: Ku yi haƙuri in shigo. Malama tana da gaskiya rabi, Alhaji ma haka. Kunya ba hujja ba ce a nan. Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin mace tana da wanka idan ta yi mafarki? Ya ce e, idan ta ga ruwa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Nana A'isha kuma ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Wannan ɓangare babu jayayya. Amma cewa manhajar ba ta ƙunshi komai ba sai abin da ke Ahalari, wannan Malama kin yi ƙari. Jagorar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2009, ta sabunta a 2018, tana farawa ne daga yaro ɗan shekara biyar, kuma ta taɓo maganar jinsi da amincewar juna ba tare da ta ɗaure su da aure ba. Mu a wurinmu amincewa ba ta halatta zina. Wannan rata ce babba, kada mu rufe ta da kara.

Malama Binta: Allah gafarta Malam, ai ba jagorar UNESCO ke hannunmu ba. Abin da Najeriya ta amince da shi tun 2003 shi ne manhajar rayuwar iyali da ilimin ƙanjamau, bayan an yi ta kai ruwa rana da malaman Musulunci da na Kirista a kan ta farko, aka rage, aka gyara, aka bar wa jihohi su daidaita ta da al'adarsu. Ita ƙauracewa take koyarwa kafin aure.

Malam Na Islamiyya: To a kawo ta mu karanta shafi-shafi. Ba na yanke hukunci a kan littafin da ban buɗe ba, ko na yabo ko na suka.

Anti Ungozoma: Ni dai bari in faɗi abin da idona ke gani, ku malamai ku nemo masa hukunci. An taɓa kawo mini yarinya da ba ta fi shekara goma sha biyu ba, ta ga jini a makaranta, ta ɗauka ciwo ta ji. Ta yagi gefen tsohon hijabi ta cusa, ta yi shiru, ba ta gaya wa uwarta ba sai da zazzaɓi ya kama ta. Kuma tana Islamiyya fa. Da na tambaye ta ko ba a biya musu babin haila ba, sai ta ce an biya, amma Malam da ya zo wurin sai ya karanta Larabcin da sauri, ya ce in kun girma za ku gane. Ta haddace hukuncin tsaf, ba ta san a jikinta abin zai faru ba. Wannan ita ce matsalata da maganar "ai yana cikin littafi". Yana ciki, amma tsallake shi ake yi.

Ga kuma ɗakin haihuwa. Mace ta zo da ciki na tara, ga goyo a baya bai yi shekara ba, kwanika a kan kwanika. Ka ja fatar idonta ka ga fari fat, babu jini. Ka ce ta huta, ga allurar wata uku, ga ashanar hannu, sai ta ce sai ta tambayi maigida. Maigida ya ce sai ya tambayi Malam. Kafin amsa ta dawo wani cikin ya shiga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa dubu ɗari, kuma matan aure kashi 12 cikin ɗari ne kawai ke amfani da hanyoyin zamani na tazara. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Alhaji Baban Sadik: Allah ya ba su lafiya. Amma Hajiya, arziki da ajali duk na Allah ne. "Kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci," aya ce a Suratul Isra'i. Annabi (SAW) kuma ya ce zai yi alfahari da yawanmu. Mu ba mu manta ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada magani a kan yara ɗari biyu a Kano lokacin sanƙarau, goma sha ɗaya suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Me ya sa maganin hana haihuwa kyauta ne, amma na zazzaɓi sai ka saya?

Barista: Tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, Alhaji, kuma gwamnati ce ya kamata ta amsa ta. Amma wannan tsoron shi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ana cewa da maganin hana haihuwa a ciki. Yaranmu ne suka shanye, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Waɗanda suka warware matsalar daga baya sarakuna ne da malamai. Tsoro da dalilinsa, amma yana da kuɗin da ake biya.

Malam Na Islamiyya: Alhaji, ayar da ka kawo a kan kashe ɗan da aka samu take magana. Hana ciki ya shiga wani babi ne. Jabir ɗan Abdullahi ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, ba a hana su ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta da izinin matar, ka lura, izinin matar, saboda tana da haƙƙi a ciki. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya, kashe mahaifa gaba ɗaya haramun ne sai da lalura, amma jinkirta ciki na wani lokaci da yardar miji da mata ya halatta. Kakanninmu ma ai suna yi. Mace ta tafi goyon ciki gidansu, ta yi wankan jego, ba a komawa sai an kusa yaye. Inda na tsaya cak shi ne zubar da ciki. A nan Malikiyya ta fi sauran mazhabobi tsanani, mashhurin zance shi ne ko kafin kwana arba'in ba a taɓa shi.

Barista: Doka ma kusan nan ta tsaya. Kundin Penal Code na Arewa bai yarda ba sai don ceton ran uwa. Sai dai Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2004, wadda sashe na 14 nata ya buɗe ƙofa ga wadda aka yi wa fyaɗe. Takarda ɗaya ta ce e, ɗaya ta ce a'a. Malam, yarinyar da aka yi wa fyaɗe fa?

Malam Na Islamiyya: Wannan ba fatawar da zan bayar a waya ba ce. Akwai saɓanin malamai a kwanakin farko, kuma kowace mas'ala da halinta.

Yaya na Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan. Mu majalisarmu ta Nijar ta ƙi wannan yarjejeniya a 2006. Amma abin da ya yi aiki a wajenmu shi ne makarantar mazaje, da aka fara nan jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Magidanta ne ke zama a tsakaninsu, da hannun masu gari da limamai, ana maganar awon ciki da kai mace likita. Namiji ya fi jin maganar namiji ɗan uwansa. Ku kuna ta gardama a kan yaran lakwal, wato makaranta, alhali mai yanke hukunci yana shago bai san ana yi ba.

Madam Rifkatu: Mu ma a coci ba bakinmu ɗaya ba. Katolika tun wasiƙar Fafaroma Paul na shida ta 1968 ba su yarda da ƙwaya ko allura ba, sai ƙirgen kwanaki. Mu namu fastocin sun bar wa ma'aurata. Amma a kan yara matsalarmu ɗaya da ku: a zumuntar mata kowa ta yarda a gaya musu, kowa kuma tana jira wata ta faɗa. Wayar da ke hannunsu kuwa ba ta jira. Ku duba abin da masu tallan kayan mata ke faɗa a TikTok da Hausa tsantsa, babu wanda ya kira taron iyaye a kansa.

Alhaji Baban Sadik: Wannan kam gaskiya ne, Madam. Ni ban ce kada a faɗa ba. Cewa na yi ban yarda a haɗa maza da mata aji ɗaya ana zana musu al'aura a allo ba, kuma ban yarda wata ƙungiya daga Abuja ta zo ta raba wa ɗana kwaroron roba ba.

Barista: Amma da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, ai har da kai aka yi murna. Yaron da za a tilasta wa gwaji yana ɗan ashirin da biyar, ba gara ya san yadda ake ɗaukar ƙanjamau tun yana sha huɗu ba?

Malam Na Islamiyya: Ga sharaɗina. A raba aji. Mata su je wajen Malama Binta da Anti Ungozoma. A kawo mini manhajar kafin Juma'a in duba, abin da ya saɓa in ja masa layi. Maganar allura da ashana kuma ba ta yara ba ce, a kira iyaye maza daban ranar Asabar, ni zan buɗe da hadisin Jabir.

Anti Ungozoma: Na yarda, amma Malam ka sani akwai waɗanda za a ɗaura wa aure kafin su gama aji uku. Su a wane layin za ka sa su, yara ko iyaye?

Malama Binta: Kuma har yanzu ba a ce wa zai koyar da mazan ba. Malamanmu maza duk sun noƙe.

Alhaji Baban Sadik: Ai Malam ne ya kawo hadisin Ummu Sulaim, shi zai shiga. Ni kuma zan zauna a bencin baya in ji da kunnena.

Malam Na Islamiyya: Zan shiga. Amma ka zo da Sadik ku zauna benci ɗaya.