Goyon Kaka da yaron da aka yaye

Kakar Tagwaye, Zuru:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Jiya muna dawowa daga zumuntar mata ruwa ya tsinke mana a hanyar Dabai, jikata 'yar shekara 3 tana goye. Mai baiti ya amsa.

Hadari ya haɗo daga gabas,
Tsawa ta sa ni sassarfa a hanya,
'Yar jikata ko a jikinta,
Ta kwantar da kai tana barci a baya.
Ba ta san nisan gida ba,
Ɗumin bayan Kaka ya kore mata wuya.
Ya Uba, ni da furfurata,
Ka bar ni in zama goyonka a duniya.

Malamin Makarantar Lahadi, Yauri:
Mama, kin kai ni Matta sura 18.

Almajirai na ta gardamar girma,
Kowa na hangen kujerar sarauta ɗaya,
Yesu bai ce musu uffan ba tukuna,
Ya kira yaro ya tsai da shi a tsakiya,
Ya ce ba mai shiga mulkin sama,
Sai wanda ya zama kamar wannan, ya juya.

Ɗalibi, Aliero:
A gafarce ni iyayena, ina da ja.

Bulus ya ce da ya girma,
Ya ajiye halin ƙuruciya,
Korintiyawa ta fari, sura 13,
Ku duba, ba ni na ƙirƙiro ba, gaskiya.
Yaro da alewa ake sace shi,
Haka ake sayar mana da ruwan kwalba da ƙarya.
Ni dai a bar ni in bincika Nassi,
Kamar yadda masu sauraron Bulus suka yi a garin Biriya.

Kakar Tagwaye, Zuru:
Ɗana, da alama ba ka taɓa raino ba. Zo ka miƙa wa wannan yarinya hannu ka gani.

Baƙo ya zo da alewarsa,
Ta ƙanƙame zanina don ƙiwuya,
Muryata ta sani cikin ɗari,
Kamar tumakin nan na Bisharar Yahaya.
In kuwa bincike kake nufi,
Kafin azahar ta gajiyar da ni da tambaya:
Wa ya rataye wata? Ina kaka namiji ya je?
Ba ta jin tsorona, ba ta jin kunya.

Ɗalibi, Aliero:
To Mama, na sauko rabi. Sauran rabin sai na ji wanda ya roƙa bai samu ba.

Manomi, Ribah:
Ga ni, ƙanena. Daminar bara ban girbe dawar da na shuka ba, tashin hankali ya raba mu da gonar. Na daina addu'a kusan wata 2, ban ɓoye ba. Zabura 131 ce ta dawo da ni, inda Dawuda ya kwatanta ransa da yaron da aka yaye.

Na ga ranar da aka yaye ɗana,
Uwar ta shafa maɗaci, ta juya baya,
Kwana uku yana tsala ihu,
Yana ganin ta zama maƙiyiya.
Ita ma a ɗaki hawaye take,
Ban faɗa masa ba, bai isa jin wannan ba, yaya?
Ran na huɗu ya rarrafo cinyarta,
Bai nemi nono ba, ya kwanta shiru ɗaya.
Haka nake zuwa gun Uba yanzu,
Wani lokaci ba roƙo, ba ko kalma ɗaya.
Rumbuna har yau bai cika ba,
Ina dai zaune a cinyar, ban gudu ba, gaskiya.

Malamin Makarantar Lahadi, Yauri:
Yayana, ka ba ni izini in karanta wa yara wannan ran Lahadi?

Manomi, Ribah:
Ka karanta, Malam, amma ka cire zancen wata 2 ɗin nan, matata ba ta sani ba.

Kakar Tagwaye, Zuru:
Ta sani, ɗana, shiru kawai ta yi maka. Bari in tashi, yarinyar ta farka tana neman kunu.