Baba ya kamu da ciwon karkarwa, a ba mu shawara

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato ya ce rawar hannun Baba Parkinson ce, an ɗora shi kan maganin levodopa. Tun da munka dawo Jega ko masallaci ya ƙi fita, wai kada a gan shi yana karkarwa. Wanda ya taɓa irin wannan jinya ya taimaka mana.

Ɗan Gwandu: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Gwaggon Yara: Ɗiyata, ki saurare ni da kyau. Maigidana shekarunsa da wannan ciwo. Farkon fara maganin ya riƙa tashin zuciya, sai wani yaron kemis ya ba shi maganin amai, metoclopramide. Kafin a ankara mutum ya sandare, cokali ma ba ya iya kai wa baki, muna ta cewa ciwon ne ya ci gaba. Da likita ya ga kwalin sai da ya yi salati. Ashe sinadarin dopamine da ciwon ke ragewa, shi wannan magani yake ƙara toshewa. Duk abin da za a ba Baba, a fara faɗin ciwonsa. Kuma kada ku bari levodopa ya ƙare, tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne. Ni tun da saura sati nake aikawa a nemo, don ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Malam na Kalgo: Ba ku gwada rubutu ba? Wani lokaci sammu ne.

Nas ɗin Zaure: Malam, addu'a kam a yi, amma ƙwayar nan a sha ta kan lokaci. Anti, ki ba shi kamar rabin awa kafin abinci. Nama, kifi, wake da nono suna rage shigar maganin in an haɗa su lokaci guda.

Ɗan Argungu: Kifi kuma? To ni a bar ni da karkarwata.

Nas ɗin Zaure: Ba hana shi aka yi ba, tazara za a ba su!

Gwaggon Yara: Kuma kada ku mai da shi ɗan kwance. Ya yi tafiya kullum da safe, ya ɗaura maɓallin rigarsa da kansa ko da zai daɗe. In zai tashi daga tabarma ya ɗan zauna tukuna, jiri na kwasar su. Ruwa da zogale saboda taurin bayan gida.

Ɗan Gwandu: A kwashe silifas da butoci daga hanya, kada a ƙare wajen masu ɗori a Aliero.

Malam na Kalgo: Ni ban ce a bar asibiti ba, a daina juya mini magana.

Maman Ilham: Na gode Gwaggo. To maganar masallacin fa?

Ɗan Argungu: Ɗan damben nan Muhammad Ali ya fi shekara 30 da wannan ciwo, har wutar Olamfik ya kunna a 1996 hannu na rawa. Ki nuna wa Baba bidiyon.

Gwaggon Yara: Ki tura wa aminansa su biyo masa da magariba. Ba ya musu da su kamar yadda zai yi da ke.