Wai ya kuke yi da kalmomin sirrin nan ne?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Akawun sun min yawa, ga imel ga Facebook ga na banki ga na wurin aiki, kowanne sai ya ce a sa babban harafi da lamba da wata alama, in na sa yau kafin wata ya zagayo na manta. Yanzu dai kalma ɗaya nake juyawa ko'ina, lambar ƙarshe kawai nake canzawa. Ƙanina ya ce akwai haɗari amma bai min bayani ba. Da gaske ne? Kuma ya mutum zai riƙe su duka a ka?

Injiniya_B:
Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ƙaninki ya faɗa miki. 'Yan kutse ba zama suke suna cankar kalmarki ba, wani shafin suke fasawa su kwashe imel da kalmomin sirrin mutane gaba ɗaya, sannan su sa kwamfuta ta dinga gwada su a sauran shafuka, to in ɗaya kike amfani da ita kin ga duk inda suka taɓa zai buɗe, canza lambar ƙarshen nan ma sun san da shi. Yahoo kaɗai a kutsen 2013 akawun biliyan 3 abin ya shafa. Ki shiga shafin Have I Been Pwned ki sa imel ɗinki, kyauta zai nuna miki ko ya taɓa fita a irin wannan.

Maganar riƙewa a ka kuma ki ma daina wahalar da kanki, ba wanda zai iya. Ki sa manhajar ajiyar kalmomin sirri, Bitwarden kyauta ce, ko wadda Google ya riga ya sa a Chrome, ita za ta ƙirƙiro miki doguwar kalma daban ga kowane shafi ta kuma cike miki in za ki shiga. Guda biyu kawai za ki haddace, ta manhajar da ta imel. Su kuma ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Banda sunan yara da shekarar haihuwa dan Allah, duk suna nan a shafinki kowa na gani.

Baba_Malam:
Ni fa ban yarda da tara komai wuri ɗaya ba. Ba a 2022 aka shiga irin wannan manhaja mai suna LastPass aka kwashi ajiyar mutane ba? Ni ɗan littafi gare ni, da biro nake rubutawa, yana cikin akwati a kulle. Ɓarawon intanet dai ba zai shigo ɗakina ba.

Injiniya_B:
Baba littafin nan ba laifi wallahi, ya fi maimaita kalma ɗaya nesa ba kusa ba, in dai ba a jakar hannu ko bayan waya ake yawo da shi ba. Na LastPass kuwa haka aka yi, amma kalmomin a rufe aka kwashe su, waɗanda babbar kalmarsu ta buɗe manhajar gajera ce su suka fi shiga uku. Abin da littafi ba zai yi ba shi ne gane shafin bogi, manhaja kuwa in adireshin ba na ainihi ba ne ba za ta cike ba, daga nan mutum zai farga.

Maman_Ilham:
Na gode sosai. To in wayar ta ɓata fa? Abin da ke ban tsoro kenan, kar komai ya tafi tare da ita.

Ummi_Zee:
Yaya ba zai tafi ba, ajiyar tana akawun ɗinki ne, kina sabuwar waya ki shiga da babbar kalmar shikenan. Ita ɗin ce dai kar ki manta, ki rubuta ta a takarda ki ɓoye irin na Baba. Sannan ki kunna tabbatarwa mataki biyu (wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatar da ke ce ta wayarki kafin a shiga) a imel tun yau, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga in wayar ta ɓata, ki kwafe su da hannu kar ki bar su a hotunan waya. WhatsApp ma ki sa masa lambar sirrin nan mai 6 ta mataki biyu. Kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da aka turo miki, ko ya ce daga banki yake, ki kashe wayar kawai.