Wane suna za mu ba "famfas ɗin manya"?

Jama'a, kalma nake nema, kuma abin ya dame ni. Wata bakwai ke nan mahaifinmu yana kwance a gidan yayana a Agege, Legas, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hankalinsa garau, carbinsa ya koma hannun hagu, amma riƙon bawali ya gagara. Dole ake ɗaura masa abin nan irin na jarirai, amma na manya. Daga kemis ɗin unguwa har wurin 'yan sari a Idumota, mu Hausawa famfas muke ce masa, daga Pampers, sunan haja guda da ya rinjayi sauran.

Wata rana jikarsa ta ɗaga murya daga ƙofar ɗaki ta ce, "Umma, famfas ɗin Alhaji ya ƙare." Ina zaune a gefen gadon. Ya juya fuskarsa bango, ya ja bargo da hannun da ke motsi, ranar ko tuwon dare bai taɓa ba. Yarinya ba ta da laifi, abin da ta ji muna faɗa ta faɗa.

Hajiyarmu ta ce, "Kai ɗan nan, ai muna da ƙunzugu tun kafin a haife ku." Gaskiya ne, Hausa ce tsantsa. Sai dai duk wanda ya ji ƙunzugu, jariri ko mace mai al'ada ke zo masa a rai. Dattijo mai shekara 74 ba zai karɓi wannan ba.

Sunan lalurar ma da gyara. Mutane kan yi saurin cewa yoyon fitsari, alhali wannan suna ya riga ya zauna a kan ciwon da doguwar naƙuda ke jawo wa mata, inda mafitsara ke hujewa, irin wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Na Baba daban ne, saƙo ne tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara ya tabarbare. Wasu kuma tsufa ne, ko ciwon sukari, ko bayan tiyata. Fitsarin kwance kuwa na yara ne. Limamin masallacinmu ya ce a fiƙihu salas ake cewa, har ya kwantar wa Baba da hankali cewa sallarsa tana nan, ya riƙa sabunta alwala. Kalmar ta yi a zauren karatu, amma ba kowa ya san ta ba. Ni dai na tsaya a kan rashin riƙon bawali.

Abin da ya sa na ce sai mun tsayar da suna ɗaya shi ne inshora. Yayana yana da ita ta wurin aikinsa, kuma Baba na ciki. Da muka je tambaya, matar da ke teburin ta ce likita da gwaji da magani suna ɗauka, amma wannan ba magani ba ne, ba ya cikin jerinsu. Uku ake canzawa a wuni, wani lokaci huɗu. Ku lissafa na wata.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, da aka kafa a 1965 don 'yan shekara 65 zuwa sama ba ya biyan kuɗin wannan abu, ko da yake Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi yana biya a jihohi da dama. A Ingila asibitin gwamnati kan bayar idan an duba mutum an ga ya cancanta. Nan gida, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Idan za a wajabta mana biya, muna da bakin cewa a sa wannan cikin abin da ake ɗaukar nauyinsa. To ta yaya za mu kai kuka gaban Sarkin Hausawa ko ɗan majalisa da kalmar da kowa ke sunkuyar da kai in an faɗe ta? Dubi maƙwabtanmu: shirin inshorar jihar Legas Ilera Eko suka sa masa, wato lafiyar Legas da Yarbanci, tsohuwa a Mushin tana ji ta gane. A Kano ma taimakekeniya ake cewa.

Na fara kawo suturar jinya, don abin yana rufa asiri. Kawu ya girgiza kai ya ce, "A'a, sutura kusa da mara lafiya? Sai ya ɗauka likkafani kuke shiryawa." Na janye nan take.

Matar yayana, wadda ita ce ke wanki da dafa ruwan zafi tun asuba, ita ta warware mana. Ta ce ita tuntuni wandon jinya take ce masa in tana magana da Baba, kuma bai taɓa ɓata rai ba. Wando kayan manya ne, jinya kuma ba abin kunya ba ce. Wani zai ce ai wasu ba a zura su kamar wando, manne su ake yi a gefe. Sai a ce wandon jinya mai manne, ɗayan kuma mai roba. Wadda ake sa wa a kan katifa, mai leda a ƙasa da auduga a sama, shimfiɗar jinya. Robar fitsari da jakarta sun riga sun samu suna, a bar su. Duka a haɗe, kayan tsaftar jinya.

Na gwada a wurin wani mai kemis Bakano a Mile 12. Na ce a ba ni wandon jinya babba, bai tambaye ni komai ba ya miƙo ƙunshin. Masu jinya da ma'aikatan asibiti da ke cikinmu, in a Sakkwato ko Zariya ko Damagaram kuna da wata kalmar da ta fi wannan zama a baki, ku kawo ta kafin Juma'a, don ranar za mu rubuta takardar da za mu kai wa kamfanin inshorar.