Yaron da cutar noma ta ci wa kunci: laifin wa ne?

Uwar Biyu, Mabera: Assalamu alaikum. Makon jiya wata 'yar ƙauyenmu daga wajen Tangaza ta sauka gidana da ɗanta mai shekara huɗu, cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta riga ta huda masa kunci. Da kumburin dasashi abin ya fara, bayan ya tashi daga ƙyanda. Sai da ta sayar da akuyarta ta sami kuɗin mota. Yayana ya ce sakacin iyaye ne, da sun zo da wuri magani kaɗan ya isa. Gaskiya ne, ya isa. Amma nawa yaran suna cin wake da ƙwai, an yi musu rigakafi, kemis na bakin layinmu. Wannan bambanci ƙaddara ce kawai, ko akwai zalunci a ciki ko da ba a ga hannun kowa ba? Abin ya hana ni barci.

Ɗalibi, Dundaye: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wani masani ɗan Amurka, John Rawls, ya kawo gwaji a 1971. Ya ce mu ɗauka za mu tsara ƙasa, amma babu wanda ya san inda za a haife shi, cikin Sakkwato ko ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. A haka wa zai yarda a tara likitoci a birni? Duk tsarin da za ki ƙi idan naki ɗan ne zai faɗa can, ba adalci ba ne. Cutar noma kuwa ta ɓace a Turai ne da abinci da tsafta suka wadata.

Baban Yara, Kasuwar Daji: Ku yi haƙuri, iyaye ma da nasu. Asibitin cutar noma na nan garin tun 1999, kuma kyauta ake aiki. Wasu sai sun gama zagayen masu magani.

Malamar Asibiti: Alhaji, kyauta ne idan ka iso. Wa zai biya mota, wa zai riƙe sauran yara, wa ya taɓa gaya wa uwar warin baki da jinin dasashi alamar haɗari ne? Abin da Amartya Sen na Indiya yake nufi ke nan: kada a ƙirga asibitin da aka gina, a duba abin da mutum zai iya yi da shi. Ba na wanke iyaye gaba ɗaya, na ga masu jinkiri. Amma cutar tana gudu cikin kwanaki, kuma idan ba a yi magani ba har kusan tara cikin goma suna mutuwa. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, Najeriya ce ta jagoranci neman.

Malam, Gidan Igwai: Hajiya, imani da ƙaddara bai sauke nauyi daga kanmu ba. Ciyar da mayunwaci farilla ce a kan jama'a, idan babu wanda ya yi, kowa ya ɗauki alhaki. Zakka haƙƙin talaka ce, ba alfarma ba.

Uwar Biyu, Mabera: Na gode muku. An kwantar da yaron, an ce sai ya yi ƙwari kafin a yi maganar gyaran fuska. Uwar ta ce akwai wata yarinya a maƙwabtansu da bakinta ya fara wari. Gobe yayan nawa zai je ya ɗauko ta.