Zobe ko tuwo? Musayar baitoci kan rigimar masu auren jinsi a Amurka

Direban Bronx:
Daren jiya na ɗauki wani dattijo, ɗan fafutukar masu neman jinsi tun zamanin Stonewall, mashayar nan ta New York da suka yi arangama da 'yan sanda. Har muka isa yana mita. Ga abin da na kwaso:

Ya ce a 1969 da muka tashi,
Kulkin 'yan sanda ya cika mu da haushi,
Yaran titi ne, ba ɗaki ba matashi,
Yau masu kuɗi sun karɓe tuta,
Sun ce zobe ne kaɗai buƙata.

Yaya Nas, Ohio:
Ƙanena, ka ji ɓangare guda.

Kai zobe ka hango, ni takarda na gani,
Aikin asibiti ya nuna mini,
Mutum ya yi jinya damina da rani,
Ran mutuwa dangi su cika ɗaki,
Su ce masa fita, ba ka da haƙƙi.

Jim Obergefell a jiharmu yake,
Masoyinsa John Arthur na kwance, jiki ya sake,
Ohio ta hana su aure, ƙofa a garƙame take,
Jirgin jinya suka hau sai Maryland a 2013,
A cikin jirgin aka ɗaura, ba taro ba biki.
Sunansa na miji a takardar mutuwar John, Jim ya nema,
Shi ya kai shi Kotun Ƙoli da takalma.

Edith Windsor fa? Harajin gado,
Dala 363,053 aka ce ta kawo,
Don doka ba ta san matarta ba.

Direban Bronx:
Yaya, na ji, amma tsaya ki lissafa,
Ran 26 ga Yunin 2015 kotu ta buɗe ƙofa,
Alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka tafa,
A ɗaura Lahadi, Litinin a kai hoto ofis,
Oga ya gani, ya sallame ka fes.

Ƙudurin hana korar masu neman jinsi daga aiki tun 1994 yake yawo,
Sanatoci sun amince a 2013, wakilai suka ƙi ɗaukowa,
Sai Kotun Ƙoli, a shari'ar Bostock ta 2020, hanin ta kawo.
Shekara 5 ango na tsoron oga,
Tuwon gidan daga ina zai shiga?

Kawu na Fagge:
'Ya'yana, ni addinina bai ba ni ba,
Ban shiga rigimar zoben can ba,
Amma iskarta ba ta tsallake mu ba:
Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu,
Ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi a ƙasarmu.

Yaya Nas, Ohio:
Sannu Kawu. Direba, tambaya ɗaya,
Dattijon naka da ya gama hayaniya,
Ka duba yatsansa kuwa?

Direban Bronx:
Kin kama ni, Yaya. Da ya miƙo kuɗi,
Zobe na ƙyalli a hannun hagu,
Na nuna, ya yi tsaki ya buɗe ƙofa,
Wai don inshorar lafiya ya sa.