Esin tsohuwar motar tsere ya mutu: waɗanda suka taɓa tayar da nasu, ku ba mu labari

Mai Celica, Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Toyota Celica ƙirar 1991, ta baffana ce, da ya daina tuƙi ya ba ni ita. Inji lafiya, giya lafiya, jiki ba tsatsa. Esi ne ya mutu. In na danna maɓalli fitila na kawowa, fanka na hurawa, amma iskar ɗumi ce, kuma ba na jin kwamfiresa, wadda ke matsa gas ɗin esi ya zaga, ta kama. Baffa ya ce rabonta da sanyi an yi shekaru. Ga Maris ya kama, motar kuma ƙasa-ƙasa take, gilashinta a kwance, rana a cinya take sauka. An ce in je a zuba gas kawai, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa wannan aikin, don Allah ya faɗa mana yadda tasa ta kaya.

Mai Prelude, Gwarimpa

Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗaga bonet ka nemi 'yar takardar da ke manne, wadda ta faɗi irin gas da nauyinsa. Motar 1991 da R12 ta fito, kamar Honda Prelude ɗina ta 1990. Shi ne gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta ce a daina saboda yana cin ozon na sararin sama. Masu ƙera motoci sun koma R134a tsakanin 1992 da 1994, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Abin da ake ɗurawa yau ke nan motarka ba ta san shi ba.

Tawa, wanda na saya a hannunsa ya sa an ɗura sabon gas a kan tsohon man kwamfiresa. Ta yi sanyi na ɗan lokaci, sai kwamfiresa ta fara ƙara, daga baya ta ƙame ta tsinke bel. Dalili shi ne R134a ba ya haɗuwa da man da R12 ke aiki da shi, ba ya ɗaukarsa ya zaga, sai kwamfiresa ta riƙa juyawa a bushe. Duba bakin da ake ɗura gas ɗin ma: na R12 mai zare ne irin na bawul ɗin taya, na R134a kuwa maƙala masa kan tiyo ake yi. In ka ga an ɗaura adafta, to wani ya riga ya taɓa.

Mai gyaran esi, Apo

Yallabai, wannan sana'ata ce, bari in faɗi yadda nake karɓar irin motarka. Kwamfiresa ta ƙi kamawa ba lalle ta mutu ba. Akwai makunnin da ke yanke mata wuta in gas ya yi ƙasa, don kada ta ci kanta. Saboda haka gejin auna matsin gas nake fara ɗaurawa. Sannan fiyus, rile, da wayar da ke zuwa kulocin kwamfiresa. Sai in kama tsakiyar kulocin da hannu, inji a kashe, in juya. In ta juya sumul, akwai fata.

Kada ka bari kowa ya haɗa waya kai tsaye ya tsallake makunnin nan don ya nuna maka tana aiki. An kawo mini motoci da dama da wannan gwajin ne ya ƙarasa su.

In geji ya nuna babu komai a ciki, gas bai ƙare don kansa ba, yoyo ya yi. Naitirojin nake cikawa, in bi kowace gaɓa da ruwan sabulu, in bar geji ya kwana. Gurbin da ka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin tiyo, nan ne wurin. Bayan an gano, robobin gaɓa duka ake canzawa zuwa koraye, masu jure sabon gas, ba wanda ya fashe kaɗai ba. Diraya kuma, gwangwanin da ke tsotse danshi daga gas, ba a tattaunawa a kanta, sabuwa ake sawa, domin tsohuwar ta daɗe da ƙoshi da danshi. Sai a wanke layi, a zuba man da ya dace, a sa famfo ya zuƙe iska aƙalla minti 30, a rufe a ga ko allura za ta motsa. Gas ne na ƙarshe, kuma da sikeli, wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyin R12 da takardar ta rubuta. Masu cewa a ɗura har kumfa ta ɓace a 'yar tagar diraya, wannan dokar R12 ce. In aka bi ta da sabon gas, cikawa ake yi ya wuce kima, sanyi ya ragu.

Ɗan Jos mai 300ZX

Mu a Jos rashin amfani ne ke kashe mana esi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu wa zai kunna? Da damina ma sai dai don goge hazon gilashi. To robar da ke bakin sandar kwamfiresa da mai take rayuwa, in an yi watanni ba a juya ba sai ta bushe, gas ya sulale a hankali. Ni ban san tawa ta zube ba sai da na gangara Hawan Kibo na nufi Akwanga, zafi ya tarye ni. Da aka duba a Farin Gada, gaban kwamfiresar duk maiƙo. An canza robar, ita kwamfiresar lafiyarta lau. Yanzu ko ana hunturu ina kunna shi minti goma duk mako. Tunda taka ta yi shekaru a kashe, ka sa a fara duba nan.

Hajiya mai SL, Maitama

Ni dai addu'ata kada yoyonka ya zama a ciki. Mercedes 500SL ce ta marigayi maigidana, ƙirar 1990, kuma na yi alkawarin ba zan sayar ba. An canza duk abin da ke ƙarƙashin bonet, geji na ci gaba da sauka. Ashe ibaforeta ce, wadda ke can bayan dashbod, ita ce mai sanyaya iskar da ke fitowa. Sai da aka sauke dashbod gaba ɗaya. Kayan kansa bai kai kuɗin aikin ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali robobin cikin motar ne: sun haura shekara talatin suna shan rana, in aka matsa kaɗan sai su karye, kuma ba a samunsu a Gudu. Na zauna a garejin na sa kowane kusa a leda da sunansa, an ɗauki hoton kowace waya kafin a cire. Ɗana, in ta kai ga haka, nemi mai haƙuri, ba mai sauri ba, kuma ka sa a canza bawul ɗin da ke jikinta a lokaci guda. Wannan dashbod ba a sauke shi sau biyu.

Baban 'yan biyu, Lugbe

Ni a ganina an tsawaita. Na sayi kwamfiresa 'yar Beljiyam na ɗaura wa BMW Z3 ɗina, aka zuba gas, har yau sanyi take yi.

Mai gyaran esi, Apo

Alhaji, Allah ya ƙara mata lafiya, amma Z3 da R134a ta fito daga kamfani, ba ta da batun canjin mai. Kuma ka dace tsohuwar ba ta farfashe a ciki ba. In ta farfashe, garin ƙarfe na bin layi ya maƙale a kwandensa, wadda ke gaban lagireto tana fitar da zafin gas, man ya koma baƙi. Duk kwamfiresar da aka ɗaura a kan wannan datti, shi zai cinye ta. Kafin a sayi ta Beljiyam, a tsiyaye manta a farar takarda a gani.

Mai MX-5, Mararaba

Ba wanda ya yi maganar goslo. Tawa bayan gyara tana sanyi a titin filin jirgi, amma da na shiga cunkoson Nyanya sai ta koma ɗumi, allurar zafin inji ma ta fara hawa. Abu biyu aka samu. Fankar kwandensa ba ta tashi, rile ɗinta ya ƙone, mai riwaya ya gyara nan take. Sannan tsakanin kwandensa da lagireto ƙurar hunturu da ganye sun toshe kamar tabarma. Motocin nan hancinsu ƙarami ne, a ƙasa yake, duk abin da ke kan titi shi suke shaƙa. Daga baya na sa kwandensa ta zamani mai siraran layuka a jere, domin R134a ya fi R12 matsi a ɓangaren zafi, tsohuwar ba ta fitar da zafinsa da kyau. A tsaye ne na fi jin bambancin.

Mai Celica, Kubwa

Allah ya saka da alheri. Na duba, bakin mai zare ne, ba adafta, kuma kuloci na juyawa da hannu. An ɗaura geji, babu komai a ciki. Wani a garejin ya ce yana da gas mai arha da ke shiga kowace mota ba sai an canza mai ba. Me kuka sani a kansa? Kuma wane mai zan saya?

Mai gyaran esi, Apo

Yallabai, ka nemi ganin gwangwanin. Yawanci irin wannan dangin gas ɗin girki ne, R290 ko R600a. Sanyi yana yi, amma yana kama wuta, ga kwandensa a gaban mota inda ake fara karo, ga ibaforeta a gaban gwiwarka. Akwai kuma jabun R134a da ake gauraya wa R40, wanda ke cin alminiyam, kuma yawancin kayan esi alminiyam ne. Ka saya a rufe, a wurin da in ka koma za ka same su.

Mai kuwa, in an wanke layi tas kuma an tsiyaye kwamfiresa, sai a sa man da ake kira PAG, mai kaurin da irin kwamfiresarka ke so. In akwai shakkar ragowar tsohon mai, a sa man esta, shi yana jure zama da tsohon. Kowanne ka ɗauka, kada a buɗe robarsa sai lokacin zubawa, domin danshi yake sha daga iska. Ka kawo ta da safe, naitirojin zai kwana a ciki kafin mu san abin da za a saya.